Enzayim ɗaya, ni na samu digiri 65, ita ta samu 50: wace ce ta yi kuskure a cikinmu?

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Don Allah ina neman taimako, kaina ya ɗaure. Ni da ƙawata muna aiki kan amiles, wato enzayim (furotin mai hanzarta canjin sinadarai) da ke narkar da sitaci, wanda aka tace daga wata ƙwayar bakteriya jinsin Bacillus, kwalba ɗaya muke ɗiba. An ce kowacce ta nemo zafi da pH (ma'aunin asid da alkali) da enzayim ɗin ya fi aiki a cikinsu. Na gwada daga digiri 30 zuwa 80, tazarar biyar-biyar, da sitaci da ruwan DNS, wanda ke tsayar da aikin ya kuma ba da kala gwargwadon sukarin da aka samu, na karanta kalar da na'urar haske a nanomita 540. Tudun giraf ɗina ya tsaya a 65. Nata ya tsaya a 50. Kowacce ta maimaita sau uku, babu wadda nata ya motsa. Ga kuma matsala ta biyu: a gwajin pH, layina yana hawa lafiya, sai ya yi wani tsalle tsakanin 5.5 da 6 kamar an yanke shi da almakashi. Wane ne daidai?

Ɗan Aji Biyu:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai abin da aka koya mana shi ne enzayim ya fi aiki a digiri 37 da pH 7, idan ya wuce 40 ya fara mutuwa. To ina ganin ku biyun ne akwai matsala a ma'aunin zafinku.

Ɗan Mastas:
Ƙanena, wannan 37 ɗin zafin jikin ɗan Adam ne, ba dokar enzayim ba ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Fefsin da ke cikin tumbi ya fi aiki a pH kusan 2, idan ka kai shi 8 ya lalace ba dawowa. Tirifsin da ke aiki a ƙaramin hanji yana son kusan 8. Amiles ɗin yawu yana son kusa da 7. Ga Taq folimares da muke yin PCR (ninka DNA a leb) da shi, a digiri 72 ake sa shi aiki, kuma yana jure 95 sau da dama a gwaji guda. Daga Thermus aquaticus aka samo shi, ƙwayar da Thomas Brock da Hudson Freeze suka gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, suka bayyana ta a 1969. Amiles na Bacillus kuwa an san da yawansu da jure zafi, saboda haka 65 ba abin mamaki ba ne.

Malamar Jami'a:
'Yata, kafin kowa ya yanke hukunci, amsa mini abu ɗaya. Minti nawa kika bar enzayim ɗin da sitacin kafin ki zuba DNS? Ita kuma ƙawar taki minti nawa?

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Malama, ni minti 5 nake bari. Ita minti 30, ta ce a haka kalar ta fi fitowa sosai.

Malamar Jami'a:
To ruwa ba ya tsami banza. Babu wadda ta yi kuskuren awo a cikinku, tambaya biyu daban kuka yi wa enzayim ɗin, ya ba kowacce amsarta.

Idan zafi ya ƙaru, abu biyu ne ke faruwa lokaci guda. Na farko, aikin yana ƙara sauri, domin ƙwayoyin suna ƙara samun ƙarfin tsallake shingen da ke gaban canjin. Wannan shi ne abin da Arrhenius ya sa a lissafi tun 1889, kuma a yawancin enzayim, ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin kusan sau biyu. Na biyu, enzayim furotin ne da aka naɗe cikin wata siffa, ƙananan igiyoyi marasa ƙarfi ne ke riƙe da naɗin, zafi kuma yana warware su. Wannan na biyun yana cin lokaci. Ba ya faruwa a ƙiftawar ido, a hankali rundunar ke raguwa.

Bari in ba ki misali da lambobin da na ƙirƙira don fahimta kawai. A ce a digiri 50 enzayim yana samar da awo 10 a minti, kuma ba ya lalacewa. A digiri 70 ya fara da awo 40 a minti, amma duk minti 3 rabinsa ke lalacewa. Wadda ta tsayar da gwaji a minti 2 za ta ga 20 a digiri 50, ta ga kusan 64 a digiri 70, ta ce 70 ne gwani. Wadda ta jira minti 30 za ta ga 300 a digiri 50, a 70 kuwa kusan 173 kacal, domin tun kafin minti 15 kusan babu sauran mai aiki a kwalbar. Ita sai ta ce 50 ne gwani. Kin ga enzayim ɗaya, tudu biyu. Duk yadda kika tsawaita lokaci, tudun zai riƙa zamewa ƙasa.

Shi ya sa ba na yarda ɗalibina ya rubuta "zafin da ya fi dacewa" shi kaɗai. Sai ya rubuta minti nawa, a wace bafa (ruwan da ke riƙe pH kada ya motsa), a wane pH, da yawan sitaci nawa.

Ɗan Mastas:
Malama, Allah ya ƙara sani. Amma da izininki ina da ja. Idan haka ne, ke nan duk lambobin da ke cikin littattafai da takardun bincike ba su da amfani? Ni ina ganin akwai gaskiyar lamba guda. Idan aka auna saurin farko tsantsa, tun kafin lalacewa ta fara, ai dole a samu zafi ɗaya da ya fi kowanne, kuma wannan hali ne na enzayim ɗin kansa, ba na agogon mai gwaji ba.

Malamar Jami'a:
Ja ɗinka yana kan hanya, kuma masana sun tattauna shi. Roy Daniel da Michael Danson da abokan aikinsu sun nuna cewa a enzayim da dama, ko da saurin farko aka auna, layin yana hawa ya sauko, domin gurbin aikin yana sauya siffa cikin hanzari zuwa wadda ba ta aiki, sauyin da ke iya komawa, tun kafin furotin ɗin ya warware gaba ɗaya. Saboda haka akwai tudu na asali, ban musa ba. Amma don ka gan shi sai kana bin aikin daƙiƙa bayan daƙiƙa a cikin na'urar da ke riƙe zafi daidai. Wanda ya zuba, ya jira minti 30, ya tsayar, ba shi yake aunawa ba. Yana auna gauraye ne na sauri da juriya. Lambobin littafi suna da amfani matuƙar ka karanta sharuɗɗan da aka same su a ciki.

Ɗan Mastas:
Na karɓi rabin maganar. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne a ce na minti 30 bai da daraja. Wanda zai yi amfani da amiles a masana'anta awa biyu ko uku zai bar shi yana aiki. Shi saurin daƙiƙa goman farko bai dame shi ba, abin da ya taru a ƙarshe yake so.

Malamar Jami'a:
Ban ce bai da daraja ba, ɗana. Na ce a kira shi da sunansa. Idan amfanin masana'anta ake nufi, gwajin ƙawarta ya ma fi kusa da gaskiyar aikin. Idan halin enzayim ake son bayyanawa, sai a raba gwajin gida biyu. Na farko gwajin kuzari: a zuba enzayim cikin sitacin da ya riga ya kai zafin da ake so, a auna cikin ɗan gajeren lokaci. Na biyu gwajin juriya: a ajiye enzayim shi kaɗai, ba sitaci, a kowane zafi, a riƙa ɗiba a minti 10, 20, 30, 60, a sanyaya a ƙanƙara, sannan a gwada ragowar ƙarfinsa a zafi guda ɗaya da ba ya cutar da shi. Daga nan ake fitar da lokacin da rabinsa ke lalacewa. A tuna kuma sau da yawa kasancewar abin da enzayim ke aiki a kansa yana ƙara masa juriya, don haka lambar gwaji na biyu ba lallai ta yi daidai da abin da ke faruwa cikin tukunyar aiki ba.

Baba Mai Kula da Leb:
Sannunku da ƙoƙari. Ni bari in taɓa matsalar ta biyu da kowa ya tsallake. 'Yata, waɗanne bafa kika yi amfani da su a gwajin pH?

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Baba, asitet daga 4 zuwa 5.5, fosfet daga 6 zuwa 7.5, sai Tris daga 8 zuwa 9. Duk a teburin leb na daidaita su da mita, kuma gwajin a digiri 60 na yi shi.

Baba Mai Kula da Leb:
To ga inda gizo ke saƙar. Tsallen naki ya faɗo daidai inda kika bar asitet kika koma fosfet. Abu biyu kika canza a lokaci guda, pH da kuma irin gishirin da ke cikin ruwan, ba ki da hanyar sanin wanne ne ya jawo. Yawancin alfa-amiles suna riƙe da kalsiyam a jikinsu, shi ke ƙarfafa musu naɗi. Fosfet yana haɗuwa da kalsiyam ya kwantar da shi, sitiret kuma yana kama shi ya riƙe. A digiri 60 enzayim ɗin da aka raba da kalsiyam ɗinsa ba zai daɗe ba. Maganin shi ne bafa su hau kan juna. Ki yi pH 5.5 da 6 a bafa biyu daban, ki yi 7.5 a fosfet ki kuma yi a Tris. Idan lambobin sun haɗu, to pH ne ke magana. Idan sun rabu, bafa ce.

Na biyu kuma, wanda na fi gani shekara da shekaru: Tris ba ta tsayawa inda aka ajiye ta idan zafi ya canza. Duk ƙarin digiri ɗaya, pH ɗinta na sauka da kusan 0.028. Kin daidaita 8.0 a digiri 25, kin kai ta 60, ta zama kusan 7.0. Kin rubuta 8 a giraf, enzayim ɗin kuwa 7 ya gani. Fosfet ba ta da wannan hali sosai, nata motsin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na na Tris ba. Saboda haka a daidaita pH a zafin da za a yi aikin, ko aƙalla a sa mita cikin ruwan bayan ya ɗau zafi a rubuta abin da aka gani.

Kuma kowace bafa tana da iyakarta, ba ta riƙe pH sai tsakanin mataki ɗaya sama ko ƙasa da pKa ɗinta, wato pH ɗin da ta fi ƙarfin riƙewa. Asitet 4.76, fosfet kusan 7.2, Tris kusan 8.1, gilaisin kusan 9.6.

Ɗan Mastas:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai: idan akwai hali, a nemi bafa irin waɗanda Norman Good ya fito da su a 1966, kamar MES mai pKa kusan 6.1 da HEPES mai kusan 7.5, ba sa kama ƙarafa irin su kalsiyam sosai. Akwai kuma gauraye irin na McIlvaine da ke tafiya daga 2.2 zuwa 8, amma sitiret da fosfet ne, ka ga ga amiles an gudu ba a tsira ba.

Ɗan Aji Biyu:
Na gode da gyara, na ƙaru. Amma har yanzu ban gane ba, zafi na fahimta yana dafa furotin. Shi pH me yake yi masa da har layin ke hawa ya sauko kamar tudu?

Malamar Jami'a:
Tambaya mai kyau. A cikin gurbin aikin enzayim akwai wasu amino asid (tubalan ginin furotin) da ke iya karɓar furoton (ƙwayar haidirojin mai caji da asid ke saki) ko su sake shi, kuma aikin ba ya yiwuwa sai kowanne yana cikin halin da ake buƙata. Ɗauki enzayim ɗin laisozayim: yana aiki da guda biyu, gulutamet mai lamba 35 wanda dole ya kasance riƙe da furoton ɗinsa don ya bayar, da asfatet mai lamba 52 wanda dole ya kasance ya saki nasa. Idan ruwan ya cika asid, na biyun ya karɓi furoton, aiki ya tsaya. Idan ya karkata ga alkali, na farkon ya rasa nasa, aiki ya tsaya. Tsakanin nan ne kawai, wajen pH 5, duka biyun suke yadda ake so. Wannan shi ne tudun. Kuma a wannan ɗan tsakanin, abin yana komawa: ka mayar da pH, aiki ya dawo. Sai an yi nisa can gefe ne cajin furotin gaba ɗaya ke rikicewa har naɗin ya warware. Shi ya sa pH ma ake yi masa gwaji biyu, na kuzari da na juriya.

Wani abin da nake so ɗalibai su sani: shi kansa ma'aunin pH saboda enzayim aka ƙirƙiro shi. Sørensen ya gabatar da shi a 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan, yana nazarin yadda asid ke shafar aikin enzayim. Michaelis da Menten kuma da suka fitar da lissafinsu a 1913 kan enzayim ɗin inbates, abin da ya sa aikinsu ya tsaya da ƙafarsa shi ne sun riƙe pH da bafa, kuma saurin farko suka auna. Kin ga, 'yata, matsalolinki biyun nan su ne aka fara fama da su tun farkon wannan ilimi.

Ma'aikaciyar Leb ɗin Asibiti:
Bari in ƙara wani tarko da ya taɓa cinye mini mako biyu lokacin ina karatu. Ina gwada enzayim ɗin fosfates da fara-naitirofenil fosfet, wanda idan enzayim ya yanke shi yake ba da ruwan ɗorawa a nanomita 405. Na jera pH daga 4 zuwa 10, ina karantawa kai tsaye. Na ga babu komai a ƙasa da 6, na yanke cewa enzayim ɗin ba ya aiki a asid. Ashe yana aiki. Shi fara-naitirofenol ɗin da ke fitowa bayan yankan ne pKa ɗinsa kusan 7.15, a cikin asid ba shi da kala ko kaɗan. Kalar nake aunawa ba enzayim ba. Da na koma tsayar da kowace kwalba da sodiyam haidiroksaid kafin karantawa, giraf ɗin ya juye gaba ɗaya. Saboda haka kowane pH da kowane zafi a yi masa kwalbar shaida tasa, wadda ke da komai ban da enzayim mai rai, domin wani abin yana rushewa da kansa a zafi ko a alkali. A kuma yi layin ma'auni na maltos, sukarin da amiles ke fitarwa daga sitaci, a cikin kowace bafa. Masu amfani da aidin da sitaci su ma su kula, shuɗin yana dusashewa a zafi da cikin alkali ko babu enzayim.

Mu a wajen aiki ba ma neman tudun zafi ma. Ƙungiyar IFCC, ta masana gwaje-gwajen leb ɗin asibiti ta duniya, ta tsayar da digiri 37 don auna enzayim na jini irin su ALT da AST, don sakamakon wannan leb ya yi daidai da na wancan. Idan na'ura ta kauce da digiri ɗaya, lambar majiyyaci na iya motsawa da kashi da dama cikin ɗari.

Ɗan Mastas:
Shawarata ta ƙarshe, tunda pH da zafi suna shafar juna, kada ta tsaya kan canza ɗaya tana riƙe ɗaya. Ta yi tsarin Box-Behnken, wato tsarin lissafi na canza abubuwa da dama lokaci guda, kwamfuta ta zana mata tudun gaba ɗaya.

Malamar Jami'a:
Gyara kaɗan: Box-Behnken sai da abubuwa uku zuwa sama. Ga abu biyu, tsarin da Box da Wilson suka kawo a 1951 ake bi, wanda yawanci gwaji 13 ne, biyar daga ciki maimaici ne a tsakiya. Kuma gaskiyarka, suna shafar juna, enzayim yakan fi saurin lalacewa da zafi idan pH ya yi nisa da inda ya fi natsuwa. Amma ba yanzu ba. Wannan lissafin yana ɗauka tudun mai santsi ne ta kowane gefe, alhali na zafi yana hawa a hankali ya faɗo tsaye kamar gangaren dutse. Idan ta ba shi fili mai faɗi zai zana mata abin da babu. Ta fara gano unguwar da hannu, sannan ta matse fili.

Kafin komai ma, 'yata, ki yi abu mafi sauƙi: zafi ɗaya, pH ɗaya, ki riƙa ɗiba a minti 1, 2, 4, 6, 10, 15, 30, ki zana. Inda layin yake miƙe, nan ne kawai awonki ke nufin sauri. Kada abin da aka cinye ya wuce kashi 10 cikin ɗari na sitacin. Kuma sitacin ya wadata, domin Km, wato yawan sitacin da ke ba da rabin iyakar sauri, shi ma yana canzawa da pH. Idan kin sa ninki goma na Km, kina kusan kashi 91 cikin ɗari na iyakar sauri.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana huɗu. Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da ƙawata mun yi yadda Malama ta ce. A digiri 50 layin a miƙe yake har minti 30. A 65 kuwa tun wajen minti 6 ya fara kwantawa, zuwa 15 ya daina hawa. Da muka ƙara ɗan kalsiyam kulorayid muka bar fosfet muka koma MES, ya daɗe bai kwanta ba, tsallen nan na tsakanin 5.5 da 6 kuma ya ɓace. Za mu rubuta sakamakon biyu, kowanne da lokacinsa da bafarsa. Saura abu ɗaya: a minti na farko a digiri 65, aikin yana farawa a hankali sannan ya kama gudu. Shi kuma mene ne?

Baba Mai Kula da Leb:
Madalla 'yata. Wannan ruwan cikin kwalbar ne bai kai zafin ba tukuna. Bahon ruwan yana nuna 65, amma abin da ke cikin gilashin yana buƙatar mintuna kafin ya kamo shi. Ki sa sitaci da bafa su zauna a bahon minti 5 zuwa 10 tukuna, da murfi a kai don kada tururi ya rage ruwan, sannan ki zuba enzayim ɗan kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ke ciki, don sanyinsa kada ya ja zafin ƙasa. Ki ajiye kwalba guda a gefe mai ruwa daidai yawan naki, ki tsoma ma'aunin zafi a cikinta. Lambar da ya nuna ita za ki rubuta, ba ta jikin na'ura ba.